Tambaya da Amsa: Edmund Morgan, malamin da ya ƙarar da rayuwarsa kan addini da mulki a farkon Amurka

A fitowar da ta gabata na ambaci cewa tun 1791 tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnatin tarayya ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, na kuma ce wanda ya fi buɗe mini ido a kan asalin wannan al'amari shi ne wani malamin tarihi mai suna Edmund Morgan. Wasiƙu sun zo da yawa a kan wannan magana. Ga huɗu daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ajin ƙarshe a sashen tarihi, kuma ina so in zurfafa karatu a kan addini da siyasa a farkon tarihin Amurka. Abokaina suna cewa ƙasar da ba ruwanta da addini me zan tono a cikinta, kuma wai ba fannin da ake cin abinci da shi ba ne. Wane ne wannan Morgan, kuma yaya ya yi nasa aikin?
Daga wani ɗalibi, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Abokanka Amurkar da suke gani a fim suka sani. Wadda kake son karantawa, mutanen da suka kafa wani babban yanki nata sun bar gidajensu da gonakinsu a Ingila ne saboda gardama a kan yadda za a bauta wa Allah. Su ne ake kira 'yan Puritan, Kiristocin da suke ganin cocin Ingila bai gama tsarkaka ba.

An haifi Morgan a Minneapolis a 1916. Mahaifinsa malamin shari'a ne wanda daga baya ya koyar a Harvard, Morgan ma can ya yi karatu: digirin farko a 1937, digirin digirgir a 1942. A can ya haɗu da malaminsa Perry Miller. A wancan zamani yawancin masu ilimi kallon masu tsaurin ido da ƙuntata wa jama'a suke yi wa 'yan Puritan, babu mai ɓata lokacinsa a kan tulin wa'azozin da suka bari. Miller ne ya zauna ya karance su. Shi da kansa ya ba da labarin cewa tunanin wannan aiki ya zo masa ne a Matadi, bakin kogin Kwango, yana saurayi ana sauke gangunan mai daga jirgin ruwa. Morgan ya gaji wannan haƙuri na karatu daga wurinsa, amma bai gaji salon rubutunsa ba. Rubutun Miller yana da nauyi, sai ka maimaita shafi kafin ka kama zaren. Na Morgan kuwa ɗan sakandare mai ƙwazo zai bi shi.

Hanyarsa ba ta miƙe ba. Yana saurayi mai ƙin yaƙi ne, har ya nemi a ɗauke masa shiga soja. Da Faransa ta faɗa hannun Hitila a 1940 sai ya janye wannan roƙo, ya ga ba abin da zai tsayar da mutumin sai ƙarfi. Shekarun yaƙin ya yi su ne a gaban injin sassaƙa ƙarfe a ɗakin binciken jami'ar fasaha ta MIT, yana ƙera sassan na'urar hango jiragen sama. Bayan yaƙi ya koyar shekara ɗaya a Chicago, sannan jami'ar Brown daga 1946 zuwa 1955, daga nan Yale har ya yi ritaya a 1986.

Littafinsa na farko, na 1944, a kan gidan ɗan Puritan ne: miji da mata, 'ya'ya da barori. A nan za ka ga irin idonsa. Ya lura cewa iyaye da yawa, har masu hali, suna kai 'ya'yansu wasu gidaje su girma, kamar dai riƙo a wurinmu. Wani zai ce rashin tausayi ne. Morgan ya ce akasin haka ne: tsoro suke kada son da suke wa yaran ya hana su yi musu tarbiyya. Ya isa ga wannan ne saboda ya karanta wasiƙunsu da wa'azinsu har ya san abin da ke tayar musu da hankali.

Wanda na fi so shi ne na 1958, *The Puritan Dilemma*, tarihin John Winthrop. Winthrop lauya ne mai gona, ya jagoranci ayarin jiragen ruwa zuwa Massachusetts a 1630, ya zama gwamna. Bai daɗe da sauka ba ɗansa Henry ya nutse a ruwa kusa da Salem, kuma kafin shekarar ta ƙare mutum kusan 200 sun mutu. Tambayar da Morgan ya ɗora littafin a kanta ita ce wadda ta dami Winthrop har kabari: yaya mai tsoron Allah zai riƙe mulki a duniyar da ta lalace, ba tare da ya gudu ya bar ta ba, ba kuma tare da ta haɗiye shi ba? Littafin ƙarami ne, za ka gama shi cikin 'yan kwanaki, amma an shafe shekaru ana karantar da shi a jami'o'in Amurka.

Kuma bai ajiye alƙalami da ritaya ba. Yana da shekara 86 ya fitar da tarihin Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Amurka, a 2002, ya yi kasuwa sosai. A 2006 hukumar kyautar Pulitzer ta karrama shi saboda aikin rayuwarsa baki ɗaya. Ya rasu a 2013 yana da shekara 97.

Batun cin abinci kuwa, ba zan ɓoye maka ba. Guraben koyar da tarihi a jami'a sun yi ƙaranci ko a Amurkar kanta, kuma ba hanyar tara dukiya ba ce. Amma kana da abin da Morgan bai samu ba yana shekarunka. Littafin tarihin yau da kullum na Winthrop da bayanan majalisar Massachusetts suna intanet kyauta, haka wasiƙun Washington da Jefferson da Madison da Franklin, hukumar adana takardun Amurka ta sa su a shafin Founders Online. Abin da za ka nema wa kanka shi ne sabo da Turancin ƙarni na 17, da kuma sanin Littafi Mai Tsarki na Kirista sosai, domin mutanen nan da ayoyinsa suke magana ko a kan rikicin iyakar gona.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji an ce Morgan bai yi imani da Allah ba. Ta yaya wanda ba shi da addini zai rubuta tarihin masu addini ya yi musu adalci? Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba.
Daga wata malamar makaranta, Maraɗi

Amsa: Malama, abin da kika ji gaskiya ne. Morgan bai ɓoye rashin imaninsa ba, haka ma malaminsa Miller. Kuma shakkarki tana da tushe, domin mun sha ganin marubutan da, in suka ga mutum ya yi wani abu don Allah, sai su hau neman kuɗi ko mulkin da ke ɓoye a bayansa, kamar ba zai yiwu mutum ya nufi abin da ya faɗa ba.

Morgan bai bi wannan hanya ba, kuma ga shaida. A littafinsa na 1963, *Visible Saints*, ya bi diddigin wata al'ada ta cocin Massachusetts. A can ba ya isa mutum ya ce ya yi imani, ya kuma kyautata hali. Kafin a karɓe shi cikakken ɗan coci, sai ya tsaya gaban jama'a ya ba da labarin yadda rahamar Allah ta shiga zuciyarsa: lokacin da ya gane zunubinsa, da yadda ya fid da rai, da ayar da ta dawo masa da bege. Mata sau da yawa dattawan coci suke faɗa wa a keɓe, sannan a karanta wa jama'a. Wani limamin coci a garin Cambridge na Massachusetts, Thomas Shepard, ya rubuta irin waɗannan bayanai na mutum kimanin 50, cikinsu har da barori da matan aure, kuma suna nan har yau. Ki duba baran gida, wanda bai taɓa magana a taro ba, yana tsaye gaban maigidansa da maƙwabta yana bayyana abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, su kuma suna auna ko gaskiya yake faɗi.

An daɗe ana zaton daga Turai suka zo da wannan al'ada. Morgan ya nuna a can sabuwar ƙasar ta samo asali, a shekarun 1630. Sannan ya nuna inda ta kai su. Tun 1631 doka ta ce 'yan coci ne kaɗai za su zaɓi gwamna da majalisa, don haka labarin zuciya ya zama ƙofar ƙuri'a. Da 'ya'yansu suka girma, da yawa mutanen kirki ne amma ba su ji wannan abu a zuciya ba, kuma sun ƙi yin ƙarya su ce sun ji. Shin za a yi wa nasu 'ya'yan baftisma? A 1662 malaman coci suka taru suka yarda a yi, amma iyayen ba za su ci jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ruwan inabi na ibada da cikakkun 'yan coci ke ci. Masana da yawa sun karanta wannan a matsayin alamar addini ya yi sanyi. Morgan ya ce a dakata: mutumin da ya ƙi da'awar abin da bai tabbatar ba, alhali da'awar za ta ba shi matsayi, ai tsoron Allah ne ya hana shi.

Wanda ya raina masu addini ba zai iya kaiwa ga wannan fahimta ba. Ban ce ya san ɗanɗanon addu'a ba, wannan sai mai yi. Amma ya ɗauki maganarsu da muhimmanci, ya gabatar da hujjarsu yadda su da kansu za su amince da ita, kafin ya faɗi nasa ra'ayi. Ni Musulmi ne, kuma abin da nake roƙo ga duk baƙon da zai rubuta tarihin malamanmu ke nan. Shi ne kuma abin da nake ɗora wa ɗalibaina in za su rubuta a kan Kirista.

Tambaya: Malam, bayan gaisuwa. A majalisarmu kullum gardama ake yi. Wasu sun ce maƙiya addini ne suka ƙirƙiro raba addini da gwamnati a Amurka don su kashe shi. Mene ne gaskiyar magana?
Daga wani dattijo, Zangon Kumasi

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Tarihin bai goyi bayan wannan magana yadda aka faɗe ta ba, kuma Morgan ya rubuta littafi guda a 1967 a kan mutumin da ya fi kowa rushe ta, Roger Williams.

Da farko, Massachusetts ta Winthrop ba mulkin malaman coci ba ce kai tsaye. Limamin coci ba ya riƙe muƙamin gwamnati, ba kotun coci, ko aure ma alƙali ne ke ɗaurawa. Amma gwamnati tana ganin wajibinta ne ta kare addinin gaskiya da bulala da kora. Ta kori Anne Hutchinson, wata mata mai karantar da addini a gidanta, bayan shari'ar 1637, ta kuma rataye 'yan ɗarikar Quaker huɗu a Boston tsakanin 1659 da 1661, cikinsu har da mace, Mary Dyer.

Williams limamin coci ne, ya iso a 1631, kuma ya fi su tsanani a addini. Ya ce alƙali ba shi da hurumin hukunta mutum a kan abin da ke tsakaninsa da Allah. Ya ce sa wanda bai yi imani ba ya rantse da sunan Allah, tilasta masa wasa da sunan ne. Ya ƙara da cewa sarkin Ingila ba shi da ikon ba da ƙasar da ke da masu ita. A Oktoban 1635 aka yanke masa hukuncin kora. Da ya ji za a sa shi a jirgi a mai da shi Ingila, sai ya sulale a Janairun 1636, cikin tsananin sanyi da dusar ƙanƙara. Daga baya ya rubuta cewa ya yi mako 14 bai san gado ba, bai san gurasa ba. 'Yan asalin ƙasar ne suka ba shi mafaka, kuma daga sarakunan ƙabilar Narragansett ya samu filin da ya kafa garin Providence. Wani abin da ke taɓa ni a labarin: Williams ya ce Winthrop ne ya aiko masa a asirce ya nuna masa inda zai dosa, kuma sun ci gaba da musayar wasiƙu bayan haka.

Abin da Morgan ya fito da shi shi ne dalilin Williams. Ba gwamnati yake tsoron addini ya ɓata ba. Addini yake tsoron gwamnati ta ɓata. A 1644 ya yi maganar katanga tsakanin lambun coci da dajin duniya, kuma lambun yake karewa. A ganinsa takobi munafukai yake haifarwa, ba masu imani ba, har ya ce bautar dole wari take yi a wurin Allah. A littafin da ya buga a Landan a shekarar, wanda majalisar Ingila ta sa aka ƙone, ya nemi 'yancin ibada har ga Yahudawa da waɗanda suke kira Turkawa, wato Musulmi. A wata wasiƙa ta 1655 ya kwatanta ƙasa da jirgin ruwa mai ɗauke da Katolika da Furotesta da Yahudawa da Turkawa: kada a tilasta wa kowa zuwa addu'ar jirgi, kada a hana kowa tasa, amma kowa ya bi umarnin matuƙi a kan tafiyar jirgin.

Kada a ɗauka yana ganin duk addinai ɗaya ne. Ya tabbata 'yan Quaker ɓatattu ne. A 1672, yana da kusan shekara 70, ya tuƙa kwalekwale da hannunsa daga Providence zuwa Newport don ya yi muƙabala da su. Ya yaƙe su da baki da alƙalami, amma bai yarda a taɓa ko ɗaya ba.

Bayan shekara ɗari ma haka abin ya kasance a Virginia. Gaskiya ne Thomas Jefferson, wanda ya rubuta dokar 'yancin addini da aka zartar a 1786, yana da shakka a kan aƙidun Kirista da yawa, don haka abokan gardamarka ba su rasa abin kamawa ba. Amma ƙarfin da ya tura dokar ya fito ne daga 'yan Baptis, waɗanda aka riƙa kulle masu wa'azinsu saboda wa'azi ba izini, da 'yan Presbyterian, waɗanda suka haɗa kai da James Madison suka ƙi harajin biyan malaman coci. Kuma abin bai zo dare ɗaya ba: Connecticut ta riƙe cocin hukuma har 1818, Massachusetts har 1833. Ko wannan tsari ya dace da wata ƙasa dabam, wannan gardama ce ta daban, kuma kuna da 'yancin yin ta. Amma in za a faɗi asalinsa a Amurka, dole a sa sunan masu ibada a gaba.

Tambaya: Malam, duk waɗannan masu wa'azin 'yanci bayi suke da su. Shin Morgan ya faɗi wannan, ko ya rufa musu asiri kamar saura? Kuma ina Musulmin da aka kai can?
Daga wani matashi, Jos

Amsa: Ɗana, ya faɗa, kuma da yawa suna ganin nan ne ya yi aikinsa mafi girma. Yana da shekara kusan 60, sunansa ya riga ya kafu a kan 'yan Puritan, ya juya akalar bincikensa zuwa Virginia. Littafin ya fito a 1975, sunansa *American Slavery, American Freedom*.

Tambayarsa irin taka ce. Huɗu daga cikin shugabannin Amurka biyar na farko 'yan Virginia ne masu bayi, kuma a ƙidayar 1790 kusan kashi 40 cikin ɗari na bayin ƙasar a Virginia suke. Jefferson kaɗai ya mallaki mutum fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Morgan bai tsaya kan cewa munafukai ne ba, ya ce abu biyun tare suka girma, ɗaya yana ciyar da ɗaya. Da farko talakawan Ingila ne, masu aikin ƙwadago na wa'adi, suke noman taba. Da suka gama wa'adi suka rasa fili, ga bindiga a hannu, sai suka zama barazana, har a boren da wani mai gona, Nathaniel Bacon, ya jagoranta a 1676 aka ƙone Jamestown, babban birnin Virginia a lokacin, farare da baƙaƙe a sahu ɗaya. Bayan haka masu gonaki suka ƙara karkata ga bayi daga Afirka, dokoki kuma suka riƙa ɗaga talaka fari sama da kowane baƙi. Da aka mai da ma'aikatan gona dukiyar da ba ta da baki a siyasa, sai attajiri ya samu sukunin yi wa talaka fari wa'azin daidaito ba tare da fargaba ba.

Addini ma bai tsira ba. A 1667 majalisar Virginia ta yi doka cewa baftisma ba ta 'yanta bawa, don iyayengiji su daina tsoron bari a shigar da bayinsu Kiristanci. Duk lokacin da na karantar da wannan doka, raina yana ɓaci.

Masana sun yi masa gyara, kuma wasu gyararrakin sun zauna. Akwai masu cewa ƙarancin 'yan ƙwadago daga Ingila da sauƙin samun bayi ne suka jawo sauyin fiye da tsoron bore. Ni nawa ƙorafin shi ne, littafin ya fi jin muryar iyayengiji da talakawa farare fiye da ta bayin kansu, kuma Musulmin cikinsu ba su samu wuri a aikinsa ba. Alhali suna nan. Ayuba Suleiman Diallo, ɗan malami daga Bundu a Senegal ta yau, ya je bakin kogin Gambiya sayar da bayi sai shi ma aka kama shi, ya tsinci kansa a gonar taba a Maryland a 1731. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ce ta zama silar 'yancinsa, ya bi ta Ingila ya koma gida a 1734. Omar ibn Said na Futa Toro bai samu wannan sa'a ba. An kai shi Charleston a 1807, ya mutu yana bawa a North Carolina a shekarun 1860. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, ya buɗe shi da Suratul Mulk, surar da ke cewa mulki a hannun Allah yake. Babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya sa hoton rubutun a intanet, kuma wanda ya yi karatun allo zai gane hannun da zarar ya gani, domin irin namu ne na Afirka ta Yamma. Ka nemo shi ka karanta da kanka, ba dogo ba ne.

Masu tambaya a kan shari'ar maita ta Salem ta 1692, na ga wasiƙunku. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.